Jarrabawar Likitan Mafitsara da Kuɗin da Ke Riƙe da Ita

Akwai cututtukan da ba mu cika ambatonsu a bainar jama'a ba. Dattijo ya kwana yana zaryar banɗaki, fitsari na fita ɗis-ɗis, har wata rana ya tsaya cak mara ta kumbura. Yaro ya dawo daga iyo a rafi yana fitsarin jini. Magidanci ya yi ta birgima saboda tsakuwa ta tsaya masa tsakanin ƙoda da mafitsara. Mace ta fito daga doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Duk waɗannan suna cikin fanni guda na aikin tiyata, wanda ke kula da ƙoda, mafitsara, hanyoyin da fitsari ke bi, da al'aurar namiji. Mai wannan fanni shi muke kira likitan mafitsara, ko da yake a gyaran yoyon fitsari yana tarayya da likitocin mata. Irin waɗannan likitoci ba su da yawa a Najeriya, kuma akasarinsu suna manyan birane, inda asibitocin koyarwa suke.

Ranar da ɗayanmu ya kwanta a gadon tiyata aka ba shi maganin barci, ba shi da hanyar auna ilimin wanda ke riƙe da wuƙar. Wasu ne suka auna masa shi tun shekaru da suka wuce, a ɗakin jarrabawa. Shi ya sa ya kamata mu san yadda ake wannan awo, da kuma abin da ke sa ya inganta ko ya lalace.

Hanyar tana da tsawo. Bayan shekara 6 a jami'a, sabon likita zai yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin kulawar manya, sannan shekarar yi wa ƙasa hidima. Idan yana son zama ƙwararre a tiyata, sai ya zauna jarrabawar share fage, wadda ke gwada saninsa kan ginin jikin ɗan Adam, yadda gaɓoɓi ke aiki, da yadda cuta ke ɓata su. Wanda ya haye sai ya nemi gurbi a asibitin da aka amince ya horar, ya shiga sahun waɗanda muke ji a labarai ana kira likitoci masu neman ƙwarewa. Zai yi kimanin shekara 3 yana zagaya sassan tiyata daban-daban, ya zauna jarrabawar kashi na ɗaya, sannan ya tsaya a sashen mafitsara na wasu kimanin shekara 3 kafin jarrabawar kashi na biyu. Idan ba a samu yajin aiki ko faɗuwa ko jiran gurbi ba, kusan shekara 14 ke nan daga ranar shiga jami'a.

Hukumomi biyu ne ke shirya waɗannan jarrabawa. Akwai Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, hedikwatarta na Ijanikin a Legas. Akwai kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda ta samo asali daga ƙungiyar da likitocin tiyata na yankin suka kafa a 1960. Kowacce tana zama sau biyu a shekara, kuma masu gwajin manyan likitoci ne da ake tattarowa daga asibitoci daban-daban, don kada malami ya zama shi kaɗai ne alƙalin ɗalibinsa.

Gwajin ba iri ɗaya ba ne, kuma akwai hikima a hakan. Tambayoyin zaɓi-ɗaya, waɗanda yanzu ake yi a kwamfuta, suna auna faɗin karatu: shin ya san magungunan da ke cutar da ƙoda, ya san matakan sankarar mafitsara? Amma mutum yana iya haddace littafi ya kasa duba marar lafiya. Don haka ake da gwajin tasha-tasha, inda ake jera ɗakuna ko tebura, kowanne da aikinsa da 'yan mintocinsa. Nan zai karɓi tarihin ciwo daga bakin marar lafiya, can zai karanta hoton ƙoda, gaba zai nuna yadda ake sa robar fitsari, wani wurin kuma zai yi wa iyali bayanin mummunan sakamako, ana lura da kalamansa da natsuwarsa. Sai gwajin baka, inda ake ba shi matsala ana canza mata fuska: to idan jini ya ɓalle fa, idan babu na'urar da ka ambata fa? Wannan ne ke fito da hukuncin likita, wato sanin lokacin da za a yanka da lokacin da barin wuƙa ya fi alheri. A matakin ƙarshe kuma dole ya gudanar da bincike nasa na kansa, ya rubuta, ya kare shi a gaban masu gwaji.

Sai kuma abin da a ganina ya fi kowanne nauyi, wato kundin ayyuka. Littafi ne da mai neman ƙwarewa ke rubuta kowace tiyata da ya kalla, wadda ya taimaka, da wadda ya yi da hannunsa malaminsa na tsaye, malamin kuma ya sa hannu. Ba a yarda ya zauna jarrabawa sai kundin ya nuna ya yi abin da aka ƙayyade.

A Amurka da Turai akwai ƙarin wani gwaji da ƙungiyoyin likitocin mafitsara ke shirya wa masu koyo kowace shekara. Ba na cin nasara ko faɗuwa ba ne. Amfaninsa shi ne ɗalibi ya ga inda yake da rauni tun da sauran lokaci, asibitin da ke horar da shi ma ya ga inda koyarwarsa ta gaza: idan ɗaliban asibiti guda duka suka yi ƙasa a tambayoyin cututtukan yara, an san matsalar ba ta ɗaliban ba ce. Wasu sassa a asibitocinmu na yin gwajin cikin gida mai kama da wannan, kuma abu ne da ya cancanci a faɗaɗa shi, da tambayoyin da suka dace da cututtukan da ke zuwa asibitocinmu.

Wani lokaci mukan ji ana ƙorafi cewa jarrabawar ta yi tsauri, ga ƙarancin likitoci, me zai hana a sassauta? Tausayin da ke cikin wannan magana na gaskiya ne, domin faɗuwa na cinye wa matashin likita wata shida da kuɗi mai yawa. Amma jarrabawa kamar mudu ce a kasuwar hatsi: idan aka lotsa gindinsa don a ce an cika da wuri, mai saye ne zai je gida da ragi. Abin da ya dace mu nema shi ne a inganta horarwar yadda masu cin jarrabawar za su yawaita, a kuma tabbatar ana yin gwajin da adalci, a fili, da ma'auni guda ga kowa.

A nan ne maganar kuɗi ke shigowa, kuma ta inda ba mu cika zato ba. Kafin asibiti ya horar da likitan mafitsara, kwalejojin nan sukan turo tawaga ta duba: ƙwararru nawa ne a sashen, gadaje nawa, tiyata nawa ake yi, wane kayan aiki ke akwai kuma yana aiki. Daga abin da suka gani suke ƙayyade yawan masu koyon da za a ɗauka, suna kuma iya janye amincewarsu. Ɗauki misalin furostet, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Idan shekaru suka ja takan kumbura ta matse hanyar. A yau ana iya kankare ta ta cikin hanyar fitsari, da siririyar na'ura mai fitila da kyamara, ba tare da an tsaga ciki ba. Wannan aiki yana bukatar na'urar, da ruwan wanki na musamman, da wutar lantarki da ba ta yankewa. Idan na'urar ta lalace ta yi wata da watanni ba a gyara ba, mai koyo zai amsa tambayar a takarda daidai, amma hannunsa bai san aikin ba.

Haka kuma idan marar lafiya ya kasa biya. A ƙasarmu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Dattijon da aka ce ya kawo kuɗin tiyata ya rasa, sai ya koma gida da robar fitsari, yana dawowa ana canza masa ita, wani lokaci shekara da shekaru. Shi ya cutu, kuma shafin da ya kamata a rubuta aikinsa a kundin mai koyo ya zauna babu komai. Talaucin majinyaci da raunin horarwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Kason gwamnatin tarayya ya daɗe yana yawo kusa da kashi 5. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A 2018 aka sa hannu kan dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa, wadda a ƙarƙashinta ake biyan kuɗin da ke taimaka musu da kwasa-kwasai, jarrabawa da bincike. Jinkirin biyan wannan kuɗi na cikin abubuwan da ƙungiyarsu, NARD, ta sha ambata a yajin aikinta. A 2022 kuma aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi. Tsakanin abin da doka ta ce da abin da ya isa ɗakin tiyata ne tazarar take, kuma ta wannan tazara ce dubban likitocinmu suka bi zuwa Ingila, Saudiyya da sauran ƙasashe. Idan ƙwararre guda ya tafi, har da malami da mai gwaji aka rasa.

Kuɗin rigakafi ma yana da hannu a wannan lissafi, kuma tsargiya ce shaida. Wata tsutsa ce ke kawo ta, tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwa, ta shiga ta fatar mai iyo ko wanki ko aikin noman rani, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Ta yawaita a wuraren madatsun ruwa da fadamu, irin su yankin noman rani na Kadawa a Kano, Bakolori a Zamfara, da dausayin Haɗejiya zuwa Nguru. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro, alhali ciwo ne. Idan ya daɗe ba magani yakan ƙuntata hanyoyin fitsari, ya lalata ƙoda, ya kuma share fagen sankarar mafitsara. Maganinta, furazikwantel, kamfanin Merck na Jamus na ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma kai shi makarantu, horar da masu rabawa da bin sawu duk kuɗi ne, kuma an daɗe ana jingine da masu tallafi daga waje. Dakatar da mafi yawan tallafin Amurka ta hukumar USAID a 2025 ya nuna hatsarin wannan jingina. Duk yaron da maganin ya wuce shi a yau yana iya zama babban aiki a gaban likitan mafitsara bayan shekara 20 ko 30.

Yoyon fitsari ma haka yake. Aikin da Dokta Kees Waaldijk ya yi a Babbar Ruga ta Katsina tun daga shekarun 1980, da na cibiyar Laure Madaki a Kano, ya gyara dubban mata ya kuma horar da likitoci masu yawa, domin an samu wuri da kayan aiki da tallafin da ya sa mata ke zuwa ba tare da tsoron kuɗi ba. Amma abin da ke hana ciwon tun farko shi ne ungozoma ƙwararriya a kusa, da motar kai mai naƙuda, da tiyatar haihuwa a kan lokaci.

Namu kason yana farawa ne daga gida. Jini a fitsari, ko da sau ɗaya ne kuma ba zafi, dalili ne na zuwa asibiti. Haka yunƙuri wajen fitsari, tashi sau da yawa da dare, ko kumburin maraina. Ciwon maraina mai tsanani da ya zo wa yaro ko saurayi farat ɗaya kuwa ba ya jiran gari ya waye, domin idan murɗewa ce, 'yan sa'o'i kaɗan ne ke tsakanin ceto da asara. Mu taimaki iyayenmu maza su faɗi abin da ke damunsu. Ɗa ko jika na iya buɗe maganar cikin ladabi ya kuma raka su. Idan an zo rabon maganin tsargiya a makarantar boko ko ta allo, mu bar yara su sha, mu tabbatar sun ci abinci kafin su sha.

A asibitin koyarwa kuma, kada mu ji an raina mu don matashin likita ne ya fara duba mu. Cikakken likita ne, kuma da haka duk wani ƙwararre ya ƙware. Haƙƙinmu ne mu tambaya cikin mutunci: likita, wane babban likita ne ke kula da wannan aiki, kuma zai kasance a wurin? Tambaya ce da tsarin horarwar kansa ya tanadi amsarta. Wanda yake da hali ya yi rajista da inshorar lafiya ta tarayya ko hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsa, ya kuma bincika ko asibitin unguwarsu na cikin masu karɓar kuɗin asusun matakin farko.

Sai kasafin kuɗi. Majalisun jihohi da ta tarayya sukan saurari jama'a kafin su amince da shi, kuma ƙungiyoyin unguwa, malamai, masu sarauta da 'yan jarida suna da damar magana. Kada mu tsaya kan adadin da aka karanta a ranar gabatarwa. Mu tambayi wakilanmu nawa aka saki daga abin da aka ware wa lafiya bara, nawa ne na gyaran kayan tiyata, ko an biya kuɗin horar da likitocin asibitocin jiha, kuma wa zai ɗauki nauyin rabon maganin tsargiya a bana.