Ƙararrawa Ta Yi Kuka, Me Ya Hana Yaran Tashi?

A watan Mayun 2012 gobara ta tashi cikin dare a wani gida a birnin Derby na Ingila, yara shida 'yan gida ɗaya suka rasu. Daga baya kotu ta tabbatar cewa da gangan aka cinna wutar. Amma wata tambaya ta hana Dave Coss, jami'in kwana-kwana mai binciken gobara, sukuni. Gidan yana da na'urar gano hayaƙi, to me ya hana yaran tserewa?

Bincike ya wanke na'urar, domin ta yi ƙara yadda ya kamata. Yaran kuwa a ɗakunan barcinsu aka same su, hayaƙi ya turnuƙe su. Ashe ko farkawa ba su yi ba.

Coss ya haɗa kai da masana na Jami'ar Strathclyde, suka yi gwaji kan yara 34 a gidajensu. Kowane yaro an kunna masa ƙararrawar sau shida yana barci. Yara 27 ba su farka ko sau ɗaya ba.

Nan bakin zaren ya bayyana. Barcin yara ya fi na manya nauyi, kuma siririyar ƙarar na'urar, wadda ke zaburar da babba, ba ta cika ratsa shi ba. Da aka gwada ƙara mai kauri haɗe da muryar mace, yawancin yaran sun tashi.

Ke nan na'urar da ke gidajenmu manya take tasa, su kuma su tashi yara. Dokar Ingila ta 2015 ta wajabta wa masu ba da hayar gida sanya na'ura a kowane hawa, wanda ya ƙi a ci shi tarar da ta kai fam 5,000. Sikotland ta ƙara gaba: daga Fabrairun 2022 dole kowane gida ya sanya na'ura a falo da hanyar shiga ɗakuna, da mai jin zafi a kicin, duka a haɗe, ɗaya ta yi kuka saura su amsa. Ta haka ƙarar za ta isa kunnen babba duk inda ya kwanta.

Iyaye, ku sanya na'urar, ku riƙa gwada ta, kuma ku tsayar tun yau wanda zai ɗauko kowane yaro idan ta yi kuka.