Kafin 'yarki ta karanta labarin Mariam da Laila

Uwargida, idan 'yarki ta shigo gida da littafin A Thousand Splendid Suns, ko malami ya ba su shi don nazari, yana da kyau ki san ƙasar da labarin ya fito. Khaled Hosseini ne ya rubuta shi, ya fito a 2007. Haifaffen Kabul ne, babban birnin Afganistan, kuma ya yi aikin likita a Amurka.

Labarin kishiyoyi biyu ne. An haifi Mariam ba ta hanyar aure ba a kusa da Herat, aka aurar da ita tana shekara 15 ga Rasheed, mai sana'ar takalma a Kabul. Ita kuwa Laila 'yar malamin makaranta ce, uban da ya dage sai ta yi ilimi. Yaƙi ne ya kashe iyayenta, ta rasa mafaka sai gidan Rasheed.

Sai da tarihi ake gane littafin. Sojojin Tarayyar Sobiyat sun shiga Afganistan a 1979, suka fita a 1989. A 1992 mayaƙan da suka yaƙe su suka juya wa juna makamai, rokoki suka yi ta faɗa wa gidajen Kabul. Taliban ta kama birnin a 1996, ta hana mata aiki da karatu har 2001. Duk lokacin da mulki ya sauya, za ki ga yadda ya shafi rayuwar matan nan a cikin gida.

Ki taimaka wa 'yarki ta rarrabe abu uku: addini, al'ada da zalunci. Rasheed yana fakewa da kare mutunci yana dukan matansa. Amma a littafin akwai Mullah Faizullah, dattijon da ya koya wa Mariam Alƙur'ani, wanda ya fi kowa tausaya mata. Mugun halin mutum ɗaya ba shi ne addinin jama'a ba.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, wurin da ya fi taɓa ni shi ne haihuwar Laila. An yi mata tiyata ba allurar kashe zafi, domin asibitin da aka ware wa mata ba shi da kayan aiki. Wannan matsala ba ta wuce ba. Taliban ta dawo mulki a 2021, an tsayar da karatun 'yan mata daga aji shida, kuma a Disambar 2024 aka hana su koyon ungozoma da jinya. Idan ba a horar da mata ba, wa zai karɓi haihuwa nan gaba?

Sannan ki lura da zaman matan biyu. Da gaba suka fara, kamar yadda muka sani a gidajenmu, daga baya suka zama tamkar uwa da 'ya. Ba kishiya ce matsalar gidan ba.

Akwai duka da mutuwa a littafin, don haka ba na ƙananan yara ba ne. Idan da hali ki riga 'yarki karantawa. In ta gama, ki tambaye ta: me ilimi ya yi wa Laila wanda Mariam ba ta samu ba?