Hoton Ƙasa a Matsayin Shaidar Tarihi: Misali daga Tafkin Kainji

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa hoton ƙasa, watau hoton da ake ɗauka na kogi da tudu da gari, shaida ce ta tarihi wadda ta cancanci kulawar manazarta harshe da al'ada. Ƙasar Yawuri kuwa misali ce mai kyau.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru ya shafe fili fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, har aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Cikinsu akwai Gungawa, waɗanda sunansu ya samo asali daga kalmar "gungu", watau tsibiri, kuma sun shahara wajen noman albasa. Wanda ya ɗauki hoton tafkin a yau daga gaɓar Ngaski, ruwa da kwalekwalen masunta zai samu. Gungun da ya ba al'umma sunanta yana ƙarƙashin ruwan.

Irin wannan ya faru a ƙasar Japan. Da aka tabbatar madatsar ruwa za ta cinye ƙauyen Tokuyama a lardin Gifu, wata dattijuwa mai suna Masuyama Tazuko ta ɗauki kyamara a 1977, ta shiga ɗaukar gonaki da gidaje da bukukuwa da fuskokin maƙwabtanta. Kafin rasuwarta a 2006 ta tara hotuna kimanin 100,000. An kammala madatsar a 2008, ƙauyen yana ƙarƙashin ruwa, amma hotunan sun adana kamanninsa.

Darasin a fili yake. Sai dai hoto shi kaɗai bebe ne. Yana nuna tsibiri, ba ya faɗin sunansa, ko wanda ya noma shi, ko waƙar da ake rerawa a mashigarsa. Saboda haka wajibi ne a nemo tsofaffin hotunan Yelwa da Ngaski da Shanga duk inda suke, a kai su gaban dattawan da suka san ƙasar kafin 1968, a rubuta sunayen wurare da bayaninsu cikin Hausa da harsunan Gungawa da Kambari da Shangawa. Ƙaramin cikin waɗanda suka ga tsibiran da wayonsu ya haura shekara sittin a yau, don haka aikin ba ya son jinkiri.