Gocewar Ƙashin Ƙugu: Gashi ko Tiyata?

A ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu akwai wani ciwo mai ɗaure kai. Manomi zai wuni a duƙe da fartanya ba tare da ya koka ba, amma ranar kasuwar Sara, kafin ya yi tafiyar minti goma ƙafafunsa sun yi nauyi, cinyoyi sun ɗauki zafi, sai ya nemi inuwa ya zauna. Da ya huta kaɗan, ciwon ya lafa. 'Yan uwa su ce sanyi ne. Likitan ƙashi kuwa, da jin wannan labari, zai fara zargin cewa wani abu na matse jijiyoyi a ƙugu, kuma gocewar ƙashi na cikin manyan dalilan hakan.

Ƙugun mutum yana da ƙasusuwa biyar, ɗaya bisa ɗaya, kuma ta bayansu akwai kafa wadda jijiyoyin ƙafa da na mafitsara ke bi. Idan ƙashi ɗaya ya zame gaba, kafar sai ta tsuke. Duƙawa tana buɗe ta, miƙewa tana ƙara rufe ta, shi ya sa ruku'u ke yi wa irin wannan majiyyaci daɗi, doguwar tsayuwa kuma ta zame masa azaba. Gocewar iri biyu ce aka fi gani. Akwai wadda ke farawa tun ƙuruciya daga tsagewar wani siririn sashe na ƙashi na biyar, an kuma fi samunta ga masu yawan lanƙwasa baya, kamar 'yan kokawa. Akwai kuma ta tsufa, wadda ta fi kama ƙashi na huɗu, ta fi kuma damun mata da suka haura shekara 50. Tun 1932 wani likitan Amurka, Henry Meyerding, ya raba ta mataki-mataki. Mataki na farko shi ne zamewar da ba ta wuce kashi 25 cikin ɗari ba, na biyu ya kai kashi 50. Ta tsufa ba kasafai take wuce mataki na biyu ba.

Wannan bayani na ƙarshe yana da muhimmanci, domin da an nuna wa mutum hoton ƙashinsa ya ga gocewar da idonsa, hankalinsa kan tashi, ya ɗauka gobe zai shanye. Alhali akwai masu gocewa a hoto da ke rayuwarsu lafiya lau, ba su taɓa sanin suna da ita ba. Abin da likita ke aunawa shi ne nisan da mutum ke iya takawa, ƙarfin ƙafarsa, da yadda fitsarinsa ke fita.

Shi ya sa ake farawa da gashi. Sai dai da yawa sun ɗauka gashi shi ne a kwanta a ɗora wa mutum abu mai ɗumi ko a murza masa baya. Wannan yana rage zafi na ɗan lokaci ne kawai. Ainihin aikin shi ne motsa jiki da likitan gashi ke koyarwa don ƙarfafa tsokokin ciki da na baya, waɗanda ke riƙe ƙugu kada ya yi ta motsi. A 1997 Peter O'Sullivan da abokan aikinsa a Ostireliya sun gwada wannan horo na mako 10 a kan masu tsagewa ko gocewar ƙashin ƙugu, suka ga ciwo ya ragu, sauƙin kuma ya ɗore har bayan wata 30. Gashi ba ya mayar da ƙashi mazauninsa. Haka ma maɗori, duk ƙwarewarsa a karayar hannu da ƙafa, ba zai iya dannawa ya mayar da shi ba, kuma ƙaho da sakiya ba sa kaiwa inda jijiyar take. Yawan shan ƙwayoyin kashe ciwo na kemis irin su diclofenac kuwa yana jawo gyambon ciki, yana kuma cin ƙoda.

To, yaushe ake maganar tiyata? Babban binciken da aka fi kafa hujja da shi, mai suna SPORT, an yi shi ne a cibiyoyi 13 na Amurka, aka buga sakamakonsa a 2007. Ya ƙunshi majiyyata fiye da 600 masu gocewa ta tsufa tare da matsewar jijiya. Waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙin ciwo da iya zirga-zirga bayan shekara biyu, bambancin kuma ya ɗore a shekara ta huɗu. Amma wani abu ya faru a tsakiyar binciken da ya kamata kowane majiyyaci ya sani. Cikin waɗanda ƙuri'a ta zaɓa wa hanya, kusan kashi 40 cikin ɗari sun sauya ra'ayi. Wasu da aka sa a layin tiyata sun fasa, wasu da aka bari a kan gashi da magani suka dawo suka nemi aiki. Wanda ya fara da gashi bai rufe wa kansa ƙofar tiyata ba.

Ita kanta tiyatar ba iri ɗaya ba ce. Ana iya kankare ƙashin da ke matse jijiya a tsaya nan, ana kuma iya ƙarawa da kusoshi da sandunan ƙarfe a ɗaure ƙasusuwan biyu su haɗe. Wani bincike a Suwidin a 2016 da wani a Nowe a 2021 sun nuna cewa ga majiyyata da dama kankarewar kaɗai ta wadatar, ko da yake wani na Amurka a 2016 ya ga waɗanda aka sa wa ƙarfe ba su cika komawa ɗakin tiyata ba. Ga mutumin Gwaram wannan ba ƙaramar magana ba ce, don ƙarfen ne ke ninka kuɗin aiki, yana kuma tsawaita jinya. Haƙƙinsa ne ya tambayi likita ko lallai sai an sa masa.

A nan lissafin kudancin Jigawa ya bambanta da na Turai. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan a Birnin Kudu, kusa da gida, inda za a duba mutum a ɗauki hoton ƙashi. Babban aikin ƙashin baya kuwa galibi Kano ake turawa, Asibitin Ƙashi na Dala da aka kafa a 1959 ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar fiye da kilomita 100, ga kuɗin hoton MRI, ga ɗawainiyar mai jinya. Wanda aka ɗaure wa ƙashi zai yi watanni bai ɗauki buhu ba, don haka aikin da ba na gaggawa ba ya fi dacewa da bayan kaka. Hanya mafi hankali ita ce a ba gashi wata uku zuwa shida, a yi motsa jikin kullum a gida da gaske. Idan bayan haka mutum har yanzu ba ya iya takawa zuwa masallacin unguwa, tsoron wuƙa bai kamata ya hana shi zama da likitan tiyata ba.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Ciwon baya mai tafe da rama, zazzaɓi da zufar dare yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashi, maganinsa kuma daban ne. Idan kuwa ƙafa ta fara ja, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya tsaya, ko yana zuba ba da sani ba, kada a kwana a gida. A kai mutum asibiti a ranar.