Bayan Kuza Sai Fetur: Yadda Gidajen Jos Ke Shirin Ranar Da Mai Zai Gagara

Ran 29 ga watan Mayu na 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a garuruwan Arewa, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000. A duk wannan tsakani babu rijiyar mai ko ɗaya da ta ƙafe, jiragen ruwa kuma ba su daina lodi a Bonny ba. Amma ga magidancin da ke Gangare ko Unguwar Rogo a cikin garin Jos, fetur ya riga ya yi ƙaranci, domin abin da aljihun mutum bai kai gare shi ba, da shi da babu duk ɗaya ne.

Masana suna ƙiyasta cewa Nijeriya tana da ɗanyen mai kimanin ganga biliyan 37 a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ba gobe ko jibi zai ƙare ba. Abin tsoron yana wani wuri dabam. Ƙasar da take haƙo ganga fiye da miliyan 2 a kowace rana a 1979, ta wayi gari a tsakiyar 2022 tana fama da neman miliyan ɗaya, saboda sata da fasa bututu da tsufan rijiyoyi. Masu sayen man kuma sun fara duban wata hanya. A ƙasar Norway, kusan 9 cikin 10 na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu aiki da lantarki ne. Ko matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, ta rage dogon layi a gidajen mai, amma ba ta mayar da farashi inda yake a da ba.

In akwai garin da bai kamata wannan labari ya zo masa da mamaki ba a Nijeriya, to Jos ne, domin mutanensa sun taɓa ganin yadda arzikin ƙarƙashin ƙasa yake juya baya.

ABIN DA KUZA TA BARI

Tun wajen 1904 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a kan wannan tudu. Saboda kuza aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta iso a 1914, saboda ita kuma aka kafa kamfanin NESCO a 1929, ya riƙa samar da lantarki daga gangaren ruwan Kurra. Leburori suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Borno da ƙasashen kudu, wasu da ƙafarsu, wasu kuma ta hanyar aikin tilas a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da haƙar ta kai ƙololuwarta a 1943. Bukuru da Barikin Ladi da Bisichi duk kuza ce ta raya su.

Kuzar ba ta ƙare a rana ɗaya ba, har yau ma akwai masu tonon ta da hannu. Abin da ya faru shi ne, wadda ke kusa da sama ta yi ƙaranci, kuɗin kai wa ta ƙasa ya yi yawa, masana'antun Turai suka koyi yin gwangwani da wasu ƙarafa, sannan gwamnati da ta ɗanɗana kuɗin fetur ta daina waiwayar ma'adinai. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, manyan kamfanonin sun riga sun yi laushi, sai ta ƙarasa su. Dubban ma'aikata suka rasa abin yi, aka bar ƙasa da tsibin jar ƙasa da ɗaruruwan ramuka cike da ruwa.

Waɗannan ramuka, da aka ɗauka tabo ne kawai, su suka rufa wa mutane da yawa asiri. Tun zamanin Turawa akwai Hausawa masu lambu a bakin kogin Dilimi, suna noma wa barikin kamfanoni latas da kabeji da karas. Da aikin kuza ya mutu, tsofaffin leburori da 'ya'yansu, tare da manoman Birom da sauran ƙabilun wurin, suka juya ga noman rani a gefen kududdufan. Sanyin tudun, wanda tsayinsa ya kai mita 1,200 daga teku, ya sa abin da ba ya yi a Kano ko Ibadan yana yi a nan. Duk wanda ya je kasuwar Farin Gada da sassafe ya ga manyan motoci suna lodin tumatir da kabeji da koren wake zuwa Legas da Fatakwal, ya ga magajin kuza da idonsa.

LAMBUN MA DA FETUR YAKE TAFIYA

To amma a nan gizo ke saƙar. Lambun da ya ceci Jos daga mutuwar kuza, shi kansa yanzu a ɗaure yake da igiyar fetur. Kakannin masu lambun da jigo suke ban ruwa, wato doguwar sanda mai nauyi a gindi da guga a baki, mutum ɗaya yana ja yana zubawa a kwabbai. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuma fili kaɗan yake shayarwa. Da ƙananan injunan ban ruwa suka shigo, musamman bayan shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990, sai aka jingine jigo, gonaki suka faɗaɗa. Yau da wuya a sami saurayin da ya iya kafa shi.

Mai karatu ya lissafa da kansa. Injin ban ruwa fetur yake sha. Takin zamani na yuriya daga iskar gas ake yin sa, shi ya sa kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke. Motar da za ta kai kayan kasuwa gas take sha, injin niƙa ma haka. Ashe mutum yana iya noma abincinsa da hannunsa, amma kuɗin mai ya biyo shi har cikin tukunya. Wannan ne ya sa kiran a koma gona, wanda ake ta yi tun shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976 da na Shugaba Shehu Shagari a 1980, bai wadatar ba shi kaɗai, sai an tambayi da me za a yi noman.

Bayan cire tallafi, manoman rani da dama a Arewa sun sa wa injunansu wata 'yar na'ura da ke ba su damar aiki da gas ɗin girki. Dabara ce mai kyau, sai dai sauya ubangida ne kawai, domin gas ɗin ma daga rijiya ɗaya suka fito da fetur, kuma kuɗinsa bai tsaya wuri ɗaya ba. Famfon da ke aiki da hasken rana shi ne ya fi kama da mafita, tun da lokacin ban ruwa, daga Nuwamba zuwa Maris, shi ne lokacin da sararin Jos ya fi washewa. Matsalarsa kuɗin saye na farko, wanda ya fi ƙarfin mai kwabbai ashirin, sai fa in mutum biyar ko goma da ke kududdufi ɗaya sun haɗa hannu, sun kuma shirya wanda zai kwana gadi, domin ɓarayi sun san darajar allunan.

Wajen taki kuwa, masu lambun Jos suna da tsohuwar hikima. Sun daɗe suna sayen tokar juji daga cikin gari suna haɗa ta da kashin kaji da na shanu, domin ƙasar tudun tana da tsami, toka kuwa tana kashe shi. Sai dai jujin yau ba irin na 1970 ba ne. Yana cike da leda da batir da robobi, ƙona su a zuba a gonar latas kuwa ganganci ne da lafiyar masu ci. Gidan da ke ware tokar murhunsa da ɓawon kayan miya da kashin awakinsa a rami guda, tun kafin su gauraya da sauran shara, ya fi kowa samun taki mai tsabta, kuma bai biya ko kwabo ba.

MURHU DA RANDA DA RUMBU

A cikin gida, wurin da ƙarancin mai ya fara cizo shi ne murhu. Matan Jos da suka manyanta ba su manta da 1994 ba, lokacin da ma'aikatan mai suka yi dogon yajin aiki, kananzir ya ɓace. A lokacin ne murhun da aka laƙaba wa sunan Abacha ya bazu: a sami gwangwani babba, a huda shi a gindi, a tsayar da kwalba ko sanda a tsakiya, a danƙara dusar katako kewaye da ita, a zare, a kunna wuta ta ƙasa. Cikawa ɗaya tana dafa wake. Masu yankan katako a kasuwar Katako, waɗanda a da suke neman mai kwashe musu dusa, suka wayi gari tana da kuɗi. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, gidaje da yawa sun koma gawayi da itace, dazuzzukan Toro da na kudancin jihar ne kuma ke biyan wannan bashi. Itacen turare da aka daddasa a tsofaffin filayen kuza yana sake tohowa in an sare shi, saboda haka mai ɗan fili a bayan gari da ya dasa layi biyu a kan iyaka ya yi wa kansa tanadin makamashi na shekaru, muddin bai dasa shi kusa da rijiya ba, domin yana da shan ruwa.

Ruwa ma da mai yake zuwa, ko daga madatsar Lamingo aka turo shi ko daga burtsatsen maƙwabci mai janareto. Alhali kuwa Jos tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yana zubar da lita 140,000 ke nan, wato durom 700, yawancinsa yana bin kwata. Gaskiyar magana ita ce ba mai iya ajiye wannan duka. Gidan da ke amfani da lita 100 a rana yana bukatar durom 75 kafin ya ƙetare watanni biyar na rani, wannan kuwa sai mai halin gina tanki a ƙasa. Amma indararo da durom uku ko huɗu sun isa su raba gida da sayen ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, su kuma shayar da 'yan buhunan alayyahu da yakuwa da ɗan haya zai iya jerawa a jikin bango.

Game da ajiyar abinci, mutanen Jos ba sa bukatar mai yi musu wa'azi. Dokar hana fita ta sa'o'i 24, irin wadda aka sa a Jos ta Arewa a watan Agusta na 2021, ta nuna wa kowa bambancin gidan da ke da kwanon masara goma da wanda ke awo kullum. Buhun nan mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, in an ɗaure bakinsa da kyau. Tumatirin da ke ruɓewa a Farin Gada lokacin da ya yi araha, in an yanka an shanya ya zama kauɗa, yana kai wa damina. Akwai kuma acca, abincin gargajiyar tudun, wadda take yi a ƙasar da masara ba za ta yi ba sai da buhun taki. Wahalar surfenta ce ta sa aka yi mata riƙon sakainar kashi, amma duk wanda ya sha gwaten acca da safiyar hunturu ya san ba abincin rainawa ba ne. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu kuwa, wanda tashar bincike ta Kuru ke aiki a kan irinsa, yana son taki da feshi, saboda haka ya fi acca jin zafin tsadar mai.

Sai dai duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan abu ɗaya da ba a saye a kasuwa. Noman da ba ya dogara da fetur, da maƙwabta yake dogara. A tsarin da aka gada, sau da yawa fili na Birom ne ko Afizere ko Anaguta, mai lambu Bahaushe ne da ya karɓi aro ko haya, taki kuma daga garken Bafulatani yake fitowa, shi ma ya sami harawa. Tun rikicin 7 ga Satumba na 2001, da na 2008 da 2010, wannan igiya ta yi ta tsinkewa. Unguwanni sun rabu, akwai lambunan da masu su ba sa iya zuwa, akwai makiyayan da ba sa kusantar gonakin da iyayensu suka saba kwana a ciki bayan girbi. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajiberin Kirsimeti na 2023 sun raba dubban manoma da gidajensu a yankin da ya fi kowane noman dankali. Manomin da ba ya iya samun kashin shanu daga maƙwabcinsa, dole ya koma layin takin zamani a kan kowane farashi.

Filin noman cikin gari shi ma yana ƙanƙancewa. Fadamun da ke bin kogin Dilimi da rafukansa, inda aka fara lambun Jos, gine-gine sun ci da yawa daga cikinsu, ambaliyar da ta auka wa Rikkos da Gangare a watan Yuli na 2012, wadda ta halaka mutum fiye da 30, ta nuna haɗarin gina gida a kan hanyar ruwa. Hukumar raya birnin Jos ce ke da ikon ba da izinin gini a waɗannan wurare, kuma kowace fadamar da aka zuba wa kankare, kabejin da take bayarwa sai an ɗauko shi a mota daga wani wuri mai nisa.