Masu Tayar da Tsohuwar Roka

Duk garin da ke da kasuwar hatsi ko ta shanu a Arewa, za ka iske wani fili a bayan tasha inda tsofaffin manyan motoci ke kwance. Tayoyi sun sace, an ɗora shasi a kan duwatsu, awaki na shan inuwa a ƙarƙashi. Baƙo zai ɗauka bola ce. Amma tambayi ƙaramin yaron da ke garejin, zai faɗa maka mai kowace ɗaya da abin da ya kwantar da ita. Mutanen mota ba su cika cewa mota ta mutu ba. Mai ita, ko ɗansa idan shi ya riga mu gidan gaskiya, yana nan da niyyar tayar da ita in kaka ta yi kyau.

Galibin waɗannan motoci marsandi ce mai gajeren hanci, wadda aka fi sani da 911, 'yan tasha da yawa kuma na kiranta roka. Jamusawa suka fara ƙera irinta a 1959, kuma daga farkon shekarun 1980 aka riƙa harhaɗa manyan motocin marsandi a masana'antar ANAMMCO da ke Inugu. Zamani ne da ake harhaɗa Fiat a Kano, Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan. Kafin ita Bedford ce ta Ingila ke cin kasuwa, ita ta yi jigilar gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin jirgin ƙasa a Kano lokacin da dalar gyaɗa ke tsaye. Tsofaffin direbobi har yau suna ba da labarin watan Afrilun 1972, da aka koma tuƙi ta hannun dama, masu Bedford mai sitiyari a dama suka wayi gari sai yaron mota ya leƙa musu kafin su wuce wata motar. Bedford ta yi ƙaranci ƙwarai a hanyoyinmu yanzu. Roka ce ta ƙi tafiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injinta na gas ne mai fistin shida, babu kwamfuta a jikinsa, babu abin da sifana da guduma da kunnen bakanike ba za su gano ba. Lambar da ke jikinta ma bayani ce: tan 9 ita da kayanta, ƙarfin doki 110. Wannan lissafin Jamusawa ne. Namu lissafin shi ne a ƙara mata ganyen sifirin, a ɗaga bodi, a yi ta lodi har sai buhunan sun wuce kai, sannan mutane su hau bisa.

Tayar da mota yana da ladubbansa. Ba a fara shi da kuɗi a hannu gaba ɗaya, don babu mai su. Mai mota zai je wajen bakaniken da ya san ta tun tana ganiyarta, su gaisa, a tambayi iyali, a daɗe ana zagaye kafin ya ce, "Oga, ina so a duba mini tsohuwar nan." Kai ta wajen wani bakanike alhali na farko yana raye abin kunya ne, kuma magana ce da za ta zaga tasha. Daga nan sai a sauke inji a baje shi a kan buhuna, yara su yi ta wanke ƙarafa da gas a cikin rabin jarka. Abin da ya ci a nemo shi a Ƙofar Ruwa in a Kano ake, abin da ba a samu ba a kai wa masu juya ƙarfe, ko a nufi Fanteka a Kaduna a ƙero shi. Sau da yawa wata motar ake yankawa a ciyar da wannan, shi ya sa za ka ga roka guda da kan wata, giyar wata, ƙafar baya ta wata. Mai mota kuwa aikinsa zama a kan benci, sayen abincin rana ga yara, da kame baki. Ba a tambayar bakanike yaushe za a gama. Wanda ya cika tambaya, nasa aikin ne ke komawa baya.

Ranar da za a tayar da inji ita ce ranar da kowa ke jira, kuma ban san wani abu a harkar mota da ya kai ta daɗi ba. Tun da safe an aro batir daga motar maƙwabci, don sabo sai an ga ta tashi ake saye. Yaro ɗaya na kan famfon hannu yana bugawa, Oga ya sassauta bututun nozul yana jiran kumfa ta ƙare, gas zalla ya fito, don muddin da iska a layi ba za ta tashi ba. Masu faci da masu walda sun bar aikinsu sun matso. Mai shayi ma ya taso. Sai Oga ya yi bisimilla ya ɗaga hannu, na cikin kai ya murza. Karo na farko tari kawai take yi. Na biyu ta yi kamar za ta kama ta fasa. Wani ya ce batir ne, a harare shi. Can sai ta kama da wata irin girgiza, baƙin hayaƙi ya turnuƙe garejin, yara su sa ihu. Oga shi kaɗai ba ya murna tukuna. Zai ɗauki doguwar sukuddireba ya kafa bakinta a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar, ya bi fistin ɗaya bayan ɗaya. A wannan lokaci ko mai mota ba ya magana. In ya ɗago ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, a kawo goro," to an gama. A ranar ake sadakar ƙosai ko waina ga almajirai, wasu kuma su kira malam ya yi addu'a ya tofa a kan sitiyari.

Bayan inji sai bodi, a nan kuma mutanen mota suka rabu biyu. Masu bodin ƙarfe na cewa ya fi ƙarko kuma mai walda na ko'ina. Masu bodin katako na cewa katako yana lanƙwasa tare da shasi a hanyar burji, ba ya tsagewa, ba ya ƙona hatsi da zafi, kuma shanu sun fi samun iska a cikinsa. Ni ina bayan na katako, ko da ba don hujjojinsu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga kafintan bodi yana jera katako mai tauri da aka kawo daga kudu, yana huda shi yana ɗaure shi da noti, ba tare da ya zana komai a takarda ba, ya san sana'a ce ta gaske. Shi ke fitar da 'yar rumfar da ke bisa kai inda ake ajiye tamfol da igiya, da akwatin gefe na jak da sifana, da maratayin buta. Tabarmar salla ma tana da wurinta.

Sai mai fenti, wanda a hannunsa motar ke samun suna. Da buroshi da gwangwanayen fenti yake zuwa, ya cika gefuna da furanni da taurari da layuka masu launi, ya bar ƙofar baya don babban zane. Zaki ne aka fi gani, wani lokaci ya danne barewa, sai gaggafa da maciji a ƙafarta, sai dokin sarauta, sai masallaci. Ma'anar zakin nan an daɗe ana gardama a kanta a teburin mai shayi. Wasu na cewa direban ne, yana shaida wa hanya shi ba abin wasa ba ne. Wasu na cewa mai motar ne ke yi wa abokan hamayyarsa na kasuwa gugar zana. Wani tsohon mai fenti da na sani dariya yake yi wa duka biyun, ya ce zaki aka koya masa zanawa, shi ma zaki ya koya wa yaransa. Tun da wa'azi kan zanen abu mai rai ya yi ƙarfi, masu mota da dama sun koma furanni da masallaci da rubutun larabci, zakunan da suka rage kuma sun koɗe ba a sabunta su.

Rubutun goshi da na baya bai ragu ba. "Allah Ya kiyaye." "Haƙuri maganin zaman duniya." "Hassada ga mai rabo taki." "Sai da rai." Mai mota ne ke zaɓa, kuma kusan kullum akwai labari a bayansa: bashin da aka ci masa, ɗan'uwan da ya yi masa dariya ranar da motar ta kwanta, karayar arzikin da ya farfaɗo daga gare ta. Wanda aka yi domin shi ya san da shi ake, sauran jama'a kuma su karanta su wuce. A ƙauyukan da motar ke bi ranar kasuwa ba wanda ya san lambarta, da rubutun ake kiranta, har direban ma sunan ya bi shi. Za ka ji mata na tambaya ko Sai-da-rai ta wuce.

Tuƙa ta kuwa aikin ƙarfi ne da haƙuri. Sitiyarin galibinsu dantse yake so. Giyar da ta tsufa sai an lallaɓa ta, a taka kuloci sau biyu, a ɗan ba da wuta a tsakani, kuma direban da ya bari giya ta yi ƙara a gaban tasha ya ba da kansa. Kafin a tashi zai zaga motar da ƙarfe a hannu yana bugun tayoyi yana sauraro. In batir ya yi sanyi, a kan gangara ake kwana don a samu ta turawa da asuba. A hawa mai tsanani irin Hawan Kibo, kan hanyar Jos, yaron mota sauka yake ya bi ta a ƙasa da weji a kafaɗa, idonsa a kan tayar baya, da ta yi alamar ja da baya ya cusa. Shekaru yake yi a haka, yana wanke mota, yana ɗaure tamfol, yana kwana a ƙarƙashinta yana gadi, kafin maigidansa ya fara ba shi sitiyari a fili, sannan a hanyar da babu kowa. Kiran da ake masa na karen mota bai taɓa hana shi zama direba ba, kuma kusan duk tsohon direban da ake girmamawa a tasha ta nan ya biyo. Zama a kai ma da tsarinsa: mai kaya, ko dattijo, ko malami. Saurayi mai lafiya ya hau bisa lodi. A zamanin da sana'ar ke da martaba, direban babbar mota mutum ne da makaɗa ke yi wa waƙa, kuma ta Bawa Direba da marigayi Mamman Shata ya yi tana cikin waɗanda ake saurare har yau.

Akwai masu cewa duk wannan talauci ne kawai, wai da mutanen nan na da kuɗin sabuwa da ba su kalli tsohuwa ba. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. A Ingila masu sha'awar tsofaffin manyan motoci kan gyara su su yi jerin gwano daga Landan zuwa Brighton a watan Mayu, su mayar da su rumfa su rufe. Namu ba su da wannan sukunin, motar sai ta ci da kanta. Sai dai talauci ba ya sa mutum ya biya mai fenti kuɗin da zai sayi taya, ko ya sa wa madubi tuntaye, ko ya nemo ham mai murya uku. Kuma a garuruwan masu manyan motoci irin Potiskum da Funtuwa ba a rasa alhajin da ke da tireloli a hanya amma ya ƙi rabuwa da rokar da ya fara da ita. Ba ta kawo masa abin kirki. Yana sa a wanke ta, a tayar da injin lokaci-lokaci, ta ɗan kai taki gona ko ta kwaso amfanin gida. Ka ce masa ya sayar, sai ya canza magana.

Ba zan ɓoye aibin abin ba. Son tsohuwar mota bai kai ran mutum ba, kuma an yi asarar rayuka da yawa saboda birkin da aka ɗaure da waya da lodin da ya wuce kima, ga mutane a bisa. Wanda ya iya kashe kuɗi a kan zanen zaki ya iya kashewa a kan birki da fitilar baya. Tsofaffin kanikawa na gaske da birki suke farawa, kuma ba sa sakin mota sai sun gwada shi da kansu.

Abin da ke cinye al'adar yanzu ba tsufan motocin ba ne. Manyan 'yan kasuwa sun koma DAF ta gwanjo da Howo ta Sin, masu ɗaukar ninkin abin da roka ke ɗauka. Samarin da ke shiga gareji sun fi son koyon motar da ake sa wa na'ura ta faɗi ciwonta. Kafintocin bodi sun tsufa, 'ya'yansu na yin kujeru da gadaje. Ga kuma 'yan gwangwan da ke zagaya bayan tashoshi da kuɗi a hannu. Magada su zauna rabon gado, babu mai son ɗawainiyar tsohuwar mota, sai a kira su. Cikin yini guda za su yanka ta da wutar gas, a auna a kan sikeli, a loda zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Katakon bodin, da rubutun da zakin, a ƙarshe itacen girki yake zama.

Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin haya suna da rassa a kowace babbar tasha, kuma ba su rasa halin sayen roka guda mai bodin katako da Bedford guda in an samu, a gyara su yadda suke a da, a ajiye a Gidan Makama ko gidan tarihi na Kaduna, a riƙa fito da su ranar hawan salla. A kuma zauna da tsofaffin kanikawa da kafintoci da masu fenti a naɗi bayaninsu tun suna da rai. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan mota kwance a ƙofar gidanku, kafin a kira mai sikeli a fara kiran bakaniken da ya san ta.