Gwiwar salansa: ƙaramin ƙarfen da ke iya tsayar da jirgi a tsakiyar Binuwai

Duk jami'in da aiki ya taɓa kai shi Jalingo ya san cewa ba ko'ina mota ke kaiwa a Jihar Taraba ba. Mai son zuwa Karim Lamido ta Lau sai ya tsallake kogin Binuwai. A Ibi ma fito ake yi. Bayan ambaliya ta karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a 2024, matafiya da motocinsu sun koma dogaro da jiragen ruwa. A irin waɗannan mashigai, ran fasinja yana rataye ne da lafiyar inji.

Yawancin kwale-kwalen suna amfani da injin da ake maƙalawa a baya. Amma manyan jiragen da injin dizal ɗinsu ke zaune a ciki suna da wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe da za a iya kira gwiwar salansa. A nan ne ruwan da ya gama sanyaya inji yake haɗuwa da hayaƙi mai zafi, su fita tare ta tiyo. Zafi da ruwa kullum a wuri guda suna haifar da tsatsa, hayaƙi kuma yana barin baƙin dasƙararren toka. Da damina Binuwai yakan yi jajir da laka, ita ma ta samu wurin kwanciya. A hankali hanyar takan tsuke.

Inji ba ya ɓoye ciwonsa. Hayaƙi yakan yi baƙi, gudu ya ragu ko da direba ya ƙara wuta, zafi ya hau, ruwan da ke fita ta salansa ya zama ɗan tsiyaye. Wanda ya yi biris da waɗannan alamu, wata rana injin zai mutu masa a inda babu gaɓa kusa.

Gyaran ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Bakanike yakan bar inji ya huce, ya rufe mashigar ruwa, sannan ya sassauta maɗauran tiyo. Notocin da suka cije sai ya jiƙa su da mai, ya ba su lokaci, domin wanda ya yi gaggawa ya karya noti ya ninka wa kansa aiki. Idan gwiwar ta fito, sai ya toshe bakin inji da tsumma mai tsabta, ya kankare dattin da buroshin ƙarfe, ya wanke har ruwa ya wuce ba tangarɗa.

Mataki mafi muhimmanci shi ne dubawa. A cikin gwiwar akwai bangon da ke raba ruwa da hayaƙi. Idan tsatsa ta huda shi, ruwa yana iya komawa cikin silinda, kuma da yake ruwa ba ya matsuwa, fistin zai cije ko sandarsa ta lanƙwashe. Gwiwar da ta huje ba ta da magani sai canji. Wajen mayarwa kuma, sabon gasket ake sa wa, a tayar da inji, a tabbatar babu yoyo.

Me ya haɗa ma'aikacin ofis a Abuja da wannan? Kasafi. Sayen jirgi yana da biki da hoto, kula da shi kuwa ba shi da ko ɗaya, shi ya sa kuɗin gyara ne ake fara yankewa. A watan Oktoban 2023, jirgin da ya taso daga kasuwar Mayo Ranewo ya kife a Binuwai, aka yi asarar rayuka. Haɗurran ruwa suna da dalilai da yawa, ciki har da lodi fiye da kima, tafiyar dare da rashin rigar kariya, kuma a kansu ne hukumar NIWA da Ma'aikatar Harkokin Teku, wadda aka kafa a 2023, suka fi yin gargaɗi. Lafiyar inji ma ta cancanci shiga wannan jeri.

Saboda haka idan takardar sayen jirgi ta iso teburinka, tambayi wanda ya kawo ta: nawa aka ware don gyara, wa zai riƙa kwance gwiwar nan yana dubawa, kuma a wane littafi za a rubuta ranar da aka yi?